Yadda zaka haɗa amfilifayar hedfon ɗin elektirostatik da hannunka

Duk wanda hedfon ɗin elektirostatik ya taɓa zuwa hannunsa babu akwatinsa, wato amfilifayar da take bashi wuta, ya san halin da ake shiga, ka ɗauki fulogin nan mai ƙafa biyar ka juya shi ka sake juyawa, babu inda zaka soka shi, waya bata karɓa, kwamfuta bata karɓa, amfilifayar da kake da ita a ɗaki ma bata san da zamansa ba. Nima da haka na fara, wani tsohon Stax Lambda na samu na hannu, ya yi watanni a ajiye kafin na yanke shawarar zan haɗa masa nasa da kaina. Toh abinda na koya a hanya shi zan zayyana maka ɗan'uwa, amma tun daga farko gara in faɗa maka gaskiya, wutar dake cikin irin wannan akwati tana kashe mutum. Bolt +400 ne a sama, -400 a ƙasa, ga wani 580 a gefe. In baka taɓa haɗa ko ƙaramar amfilifaya ta bolt 12 ko 24 ta yi aiki ba, baka iya karanta zanen sakit ba, dan Allah ka fara da wancan tukuna, ko ka samu wanda ya saba da babbar wuta ya zauna kusa da kai.

Hedfon ɗin da muka saba da shi maganaɗisu ne da koyil, bolt ɗaya ko biyu sun ishe shi. Shi wannan babu maganaɗisu ko ɗaya a cikinsa. Wani tantani ne na leda siriri sosai, kaurinsa bai wuce maikiron 1 zuwa 2 ba, silin gashin kanka ya ninka shi sau talatin ko fiye, an ɗaure shi tam a tsakanin farantai biyu masu huji huji. Sai a loda wa tantanin caji na dindindin, shine ake kira bayas, su kuma farantan a basu sautin amma a juye, in na gaba ya hau na baya ya sauka, ɗaya yana jan tantanin ɗayan yana tura shi. Shikenan fa. Saboda tantanin kusan bashi da nauyi kuma ana jansa a ko ina lokaci ɗaya, sautin yake fita tas kamar babu komai tsakaninka da mawaƙin, wanda ya taɓa ji ya san dalilin da yasa mutane suke wahala akansa. Kamfanin Stax na Japan ne ya fara fitar da irinsa kasuwa, SR-1, a 1960. Yawancin tsoffin hedfon ɗinsu da bayas na bolt 230 suke aiki, sai a 1982 suka kawo na 580 da suke kira Pro, suka buɗa tazarar tantani da faranti daga milimita 0.3 zuwa 0.5 dan tantanin ya samu filin motsi. Wasu kamfanonin da nasu lissafin, Koss ESP/950 bolt 600 yake so, Sennheiser HE90 kuma 500, dan haka abu na farko ka tabbatar wane hedfon ne a hannunka. Na Stax fulogin zai gaya maka, ƙafa shida tsohon 230 ne, ƙafa biyar 580. Kada ka kuskura ka ba na 230 wutar 580, tartsatsi zai huda tantanin kuma babu gyara mai sauƙi.

Kenan aiki uku amfilifayar zata yi maka, ta bada bayas, ta ɗaga sauti ya kai bolt ɗaruruwa, sannan ta fitar da shi ta baki huɗu, biyu na kunnen hagu biyu na dama, kowane biyu suna kishiyar juna. Yawancin hedfon ɗin Stax suna bada desibel 100 zuwa 101 in ka basu bolt 100, shi yasa amfilifayoyinsu suke ninka sauti sau 500 ko sau 1000, a mai sau 1000 ka saka milibolt 100 ka samu bolt 100.

Ga inda mutane da yawa suke zamewa, kuma nima na daɗe ban gane ba. Ana cewa ai elektirostatik bolt yake ci baya cin karent, wannan rabin magana ce. A wajen amfilifaya hedfon ɗin nan kafasita ne kawai, wajen fikofarad 110 har da wayarsa. Kafasita kuma duk sanda sauti ya ƙara siranta tana ƙara buɗe hanya, a kilohaz 1 tana tare wuta kamar rezista ta megaom 1.45, a kilohaz 10 ta sauko kiloom 145, a kilohaz 20 saura wajen 72. In kana so ka kai bolt 500 tsakanin farantai a kilohaz 20 sai ka tura kusan miliamf 7 cikin hedfon ɗin shi kaɗai, banda abinda taransistocinka da wayoyin cikin akwati da rezistocin fidbak zasu sha. Gaskiya ne kiɗa baya kai wannan ƙarfin a can sama, amma in amfilifaya tana aiki a bakin iyakarta zaka ji saman sautin ya yi kaushi, ƙasan kuma ya saki. Shi yasa kowane baki cikin huɗun nan ake barinsa yana jan miliamf 7 zuwa 20 ko da kiɗa ko babu, wato kilas A, kuma daga nan zafi yake fitowa. Yi lissafin da kanka, baki 4 sau miliamf 20 sau bolt 800, wat 64 kenan yana zama zafi zalla. In ka tsaya a miliamf 10 da bolt +350 da -350 wat 28 ne, kuma ga Lambda wannan ya wadatar wallahi.

Hanya uku ce a gabanka

Mafi sauƙi itace taransifoma. In kana da amfilifayar lasifika mai kyau, sai ka samu taransifoma biyu masu ɗaga sauti, kowacce mai tsakiya a ɓangaren fita, misali mai ninkawa sau 25, ka bata bolt 10 ta baka 250, bakin nan biyu su tafi farantai, tsakiyar ta tafi giraun, wato layin sifili na sakit, sai ka haɗa ƙaramin sakit na bayas. Haka akwatin Stax SRD-7 yake aiki, kuma in ka samu tsohonsa na 230 kana iya cire allon bayas ɗin ka saka sabo na 580 da soket mai rami biyar. Ingancin sautin anan kacokan yana hannun taransifomar, mai arha zata cinye maka ƙasa da sama duka. Amma a matsayin aikin farko ina ganin babu kamarsa, babu manyan kafasitoci masu riƙe wutar kisa, kuma zaka koyi bayas da soket ba tare da ka sa ranka a gaba sosai ba.

Ta biyu bawul, kwalaben nan irin na tsoffin rediyo. Su dama an halicce su ne dan babban bolt da ƙaramin karent, kamar da hedfon ɗin nan aka yi su. Akwai tsohon sakit na Stax mai suna SRX wanda James Lin ya gyara ya kira SRX Plus ya buga a mujallar audioXpress, 12AT7 a gaba 6SN7GTA ko GTB a wajen fita, kayan basu da yawa kuma duk ana samunsu. Kula da harafin ƙarshen nan, GTA da GTB ne suke ɗaukar bolt 450 a farantin cikin kwalbar, tsohuwar GT bata kai nan ba. Ni wannan nake ba mutum shawara in ya wuce matakin taransifoma.

Ta uku taransista zalla ko haɗin gambiza. Anan sunan da zaka yi ta ji shine Kevin Gilmore, wani injiniya a Amurka da ya saki zane zanensa kyauta, KGSS, KGSSHV, KGST mai kwalbar 6S4A, Blue Hawaii mai EL34 guda huɗu, da KGSSHV Carbon wadda take amfani da C2M1000170D, taransistar silikon kabaid mai jure bolt 1700. Har SRM-T2 ta Stax ta 1994 ya sake zanawa, amma wannan kam ka barta sai ka yi gemu a harkar. Carbon ita ce wadda zata juya hedfon masu taurin kai irin SR-007 yadda ya kamata, sai dai kayanta da zafinta da girman akwatinta duk sun ninka.

Kowacce ka zaɓa cikin biyun ƙarshe, ka nemi zanen da ya saka mai daidaita karent a saman bakin fita maimakon rezista. Dalilin a fili yake. Ace rezista ce ta kiloom 50 daga +350, a zaune tana bada miliamf 7, amma da sauti ya ɗaga bakin zuwa +200 saura bolt 150 a kanta, miliamf 3 kenan, daidai lokacin da hedfon yake neman karent lokacin ta gaza. Mai daidaita karent, irin wanda ake haɗawa da 10M90S a sama da DN2540 a ƙasa, yana riƙe miliamf ɗinsa duk inda bakin ya je. Tsoffin amfilifayoyin Stax masu kwalbar 6CG7 da rezista suke zuwa, shi yasa masu gyara suke cirewa su saka wannan, kuma bambancin ba sai an gaya maka ba.

Kada ka zana naka sakit a karon farko. Ɗauki wanda mutane da yawa suka haɗa ya yi aiki, ka sayi allonsa bugagge, ka bi jerin kayansa ƙwaya ƙwaya.

Kaya da abinda ya same ni akansu

Rezista ba om da wat kaɗai gareta ba, tana da iyakar bolt, ƙananan nan na kwata wat yawancinsu 250 ne ƙarshensu, in ka ɗora mata 400 bazata ƙone nan take ba, zata yi ta canza ƙima a hankali tana kawo ƙara a kunne har wata rana ta buɗe. Inda zane ya saka rezista biyu ko uku a jere kada kace bari in haɗe su a guda ɗaya, raba bolt ake yi. Haka kafasita, haka wayar da zaka ja babbar wuta da ita, nemi mai rigar da aka rubuta 600 ko 1000, haka soket, na teflon ake so saboda roba mai arha tana yoyon caji in ta sha danshi. Taransistocin da zaka manna a ƙarfen shan zafi kuma, bayansu yana ɗauke da ɗaruruwan bolt, shimfiɗar robar nan siririya bata isa ba, faifan seramik ake sakawa da man zafi ta gaba da baya, sannan kusa ko dai ta roba mai jure zafi ko mai hular da zata raba ta da jikin taransistar. Bayan ka ɗaure ka auna da mita tsakanin bayan taransistar da ƙarfen kafin wuta ta taɓa shiga.

Sai maganar jabu. Wasu taransistocin da tsoffin zane suke kira, irin 2SA1968 ta Sanyo da 2SK170 ta Toshiba, an daina ƙera su, amma in ka duba intanet zaka ga kamar jiya aka fito da su, dubu nawa kake so. Na sayi 2SA1968 guda goma a wajen wani mai sayarwa, rubutun jikinsu fes, ƙafafu suna ƙyalli, mita ta nuna PNP ne lafiya lau. Na saka, na fara ɗaga wuta a hankali, ina kallon mita ta wuce 200, ta wuce 250, ban kai 300 ba naji wani tas kamar an karya busasshen kara, ƙwan fitilar gwaji ya haske gaba ɗaya, ɗan hayaƙi siriri ya tashi daga gefen hagu na allon da warin nan da duk mai wannan aiki ya sani. Da na fasa ɗaya na ga ƙwayar dake ciki 'yar mitsitsiya ce, wata taransista ce ta daban aka goge aka sake wa suna. Ta tafi da rezista uku da wata taransistar mai kyau dake kusa da ita, kuma da babu ƙwan fitilar nan da abin ya wuce haka. Tun daga ranar bana sayen komai na babban bolt sai a wajen manyan dillalai masu izinin kamfani, kuma ina zaɓar zanen da aka sabunta da kayan da har yanzu ake ƙerawa, LSK389 a gaba, KSA1156 ko STN9360 inda suka dace. Mita ta yau da kullum da bolt kaɗan take gwada taransista, bazata taɓa gaya maka zata jure 900 ba.

Daga wuta ake farawa

Ka ajiye allon sauti gefe, fara haɗa allon wuta shi kaɗai. Kafin ka like komai ma ka tanadi abu uku. Mita mai ɗaukar bolt 1000 da wayoyi masu maƙale, dan ka maƙala su wuta a kashe sannan ka kunna hannunka a nesa. Sandar zubar da caji, wato rezista ta kiloom 47 mai wat 10 da waya mai maƙali a gefe ɗaya da tsinke mai riga a ɗaya gefen. Sai ƙwan fitila irin na da mai zare, wat 60 ko 100, ka jera shi a kan wayar wutar gida kafin taransifoma, in komai lafiya zai yi haske ɗan lokaci ya dushe, in akwai gajeriyar hanya zai tsaya da haske ya shanye wutar maimakon allonka. In kana da bariyak, taransifomar nan da ake murɗawa wuta ta hau a hankali, ka haɗa su biyun.

Kafasita ta maikirofarad 470 a bolt 450 tana riƙe da kusan jul 48, kuma tana riƙe da shi ko ka zare fulogi daga bango. Dan haka kowacce babbar kafasita sai an gicciya mata rezistar da zata riƙa tsiyaye ta, kiloom 220 mai wat 3 misali, amma ka sani da wannan sai an yi kusan minti 9 kafin ta sauka ƙasa sosai, kuma rezistar tana iya mutuwa baka sani ba, shi yasa doka ɗaya ce babu sassauci, kashe, zare fulogi, taɓa da sandar zubar da caji, auna da mita, sannan hannu ya shiga. In dole sai ka taɓa wani abu wuta a kunne, hannu ɗaya, ɗayan a aljihu ko a bayanka, dan kada wutar ta ratsa ta ƙirji, cire zobe da agogo, takalmi a ƙafa, kuma kada ka yi kai kaɗai a gida ko kana jin barci. Kada kuma ka dogara da na'urar nan ta gida mai yanke wuta in ta ja mutum, ita tana lura da wayoyin bango ne, wutar da ta fito daga bayan taransifoma ta taru a kafasita bata ganinta sam.

Ka kunna allon wuta babu kaya akansa, ka ga sama da ƙasa sun zo daidai da zane, sannan ka kashe ka zubar ka rataya masa rezistar gwaji, kiloom 20 mai wat 20 akan 400 zata ja miliamf 20, ka barshi rabin awa kana kallon ko bolt ɗin zai zame. Wuta mai regileta ta fi, saboda wutar gida tana hawa tana sauka kuma duk motsin da ta yi zaka ganshi a bakin fita. Fiyus a ɓangaren shiga ba abin tattaunawa bane, wayar ƙasa ta bango kuma ta tafi kai tsaye jikin akwati da kusarta ita kaɗai, ka kankare fenti a wajen.

In bawul ne, akwai tarko a wutar hita, zaren nan dake ɗumama kwalbar. Kwalaben fita katod ɗinsu yana zaune can kusa da layin ƙasa, wajen -300 da wani abu, kuma tsakanin hita da katod 6SN7 bata jure fiye da bolt 200. Kenan hitarsu sai da nata naɗin daban a taransifoma, a ɗaure shi kusa da bolt ɗin katod ɗin, kada ka haɗa shi da na kwalaben gaba. Ka murɗe wayoyin hita biyu biyu ka kwantar da su a lungun akwati, kuma yana da kyau babbar wuta ta jira daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya kwalabe su yi ɗumi.

Bayas ɗin shi kansa ƙaramin aiki ne amma anan lafiyar kunnenka da ta hedfon take. Ana ninka wutar taransifoma da dayod da kafasita ta wuce 600, a rage ta da jerin zena, 150 guda uku da 130 guda ɗaya sun baka 580, a tace da ƙaramar kafasita, sannan a ƙarshe rezista ta megaom 4.7 ko 5 kafin soket. Wannan rezistar ita ce take sa cajin tantani ya tsaya cak, kuma ita ce take hana karent mai yawa fita in wani abu ya taɓa, ko da ka haɗa bakin da giraun abinda zai wuce bai kai miliamf 0.13 ba. Kada ka saka kafasita a bayanta, in ka saka ka rushe amfaninta. Kuma in ka auna a soket zaka ga wajen 395 maimakon 580, na kwana biyu ina neman laifin da babu shi akan wannan, ashe mitar ce, cikinta megaom 10 ne, ita da rezistar suka raba wutar. Auna kafin rezistar. Bakunan fita huɗun ma kowanne ana saka masa rezista ta kiloom 5.1 a jere, kada ka tsallake su.

Allon sauti da saiti

Like ƙananan kaya tukuna sannan manya, ka auna kowacce rezista kafin ta shiga rami saboda launin jikinsu yana ruɗi, ja da ruwan lemo a ƙarƙashin fitila kusan ɗaya ne. Dalma ta kwanta sumul, kada ka bar tsini, babban bolt yana son tsini. In ka gama ka wanke bayan allon da sifirit na aisofurofil da tsohon buroshin haƙori har sai ya daina danƙo, domin ragowar man dalma da ƙura da danshi hanya ce ga bolt 800, yau shiru gobe kaji ana ɗan tsit tsit a kunne ɗaya.

Kunne ɗaya zaka fara haɗawa da wuta, babu hedfon, boliyum a ƙasa ko ka haɗe bakin shiga da giraun. Da kilas A ƙwan fitilar gwaji bazai dushe gaba ɗaya ba tunda allon yana ci kullum, ka yi amfani da shi a kunnawar farko ka ga babu abinda ya fashe sannan ka cire shi, in ba haka ba bolt bazai kai ba. Akwai 'yan ƙananan abin murɗawa guda biyu a yawancin zanen. Na farko balas, ka maƙala mita tsakanin bakin + da bakin - ka murɗa har ta zo sifili. Na biyu ofset, mita tsakanin bakin + da giraun, shima zuwa sifili. Suna jan juna, ka gyara wannan wancan ya motsa, sai ka yi ta kai da komo, da sukundireba na roba, kaɗan kaɗan. A kunnawar farko kada ka tsorata in ka ga bolt 30 ko 40, kalli yadda lambar take gangarowa da kanta yayin da ƙarfen yake ɗumi, 28, 21, 15, tana tafiya kamar mai saukowa daga tsani, in ka yi saiti a lokacin bayan awa ɗaya zaka tarar ta wuce ɗaya ɓangaren. Ka bari ta yi awa guda da murfi a rufe, ka buɗe ka saita da sauri ka mayar. In ta tsaya cikin bolt 2 zuwa 5 ya yi, a gaban bayas na 580 wannan ba komai bane, kada ka ɓata dare kana farautar sifili cif.

Daga nan ka saka sautin gwaji, haz 400 ya fi saboda ƙananan mitoci basa karanta sama da haka daidai, milibolt 100 a shiga ya baka bolt 100 tsakanin baki biyun in ninkin 1000 ne, kuma kowane baki ya bada rabi. Rataya kafasita ta fikofarad 100 mai jure bolt 2000 a madadin hedfon ka ga ko amfilifayar zata fara kaɗawa da kanta, alamarta zafi ya ƙaru haka kawai ko lambobin mita su rikice. In kana da osiloskof sai da tsinke mai rage wuta sau 100, kuma maƙalin giraun ɗinsa kada ya taɓa kowane bakin fita, duka biyun masu rai ne, a giraun ɗin allo kaɗai zai zauna.

Wajen jera kaya a akwati ka tuna ninkin 1000 ɗin nan, milibolt 1 na gurnanin wuta da ya shiga ta gaba zai fita bolt 1. Taransifoma can nesa da wayoyin shiga, wayoyin shiga masu sulke, soket ɗin RCA kada jikinsa ya taɓa akwati, duk giraun su haɗu a wuri ɗaya. In RCA kaɗai zaka yi amfani da shi ka ɗaure bakin shiga na - da giraun, in kuma XLR ne boliyum ɗinka sai mai hawa huɗu. Wayoyin fita zuwa soket ka barsu gajeru kuma kada ka murɗe su da juna, murɗewa tana ƙara fikofarad akan wanda kake fama da shi. Ka huda murfi da ƙasan akwati iska ta ratsa, amma ramukan kada yatsan yaro ya iya shiga. In baka iya ɗora tafin hannu akan ƙarfen shan zafi na daƙiƙa biyar ba, ya yi kaɗan, ko ka ƙara girmansa ko ka rage miliamf.

Soket shine na ƙarshe kuma anan ake yin kuskure mafi tsada, saboda zanen ƙafafun wani daga gaba aka zana wani daga bayan da ake likewa, ɗaya madubin ɗaya ne. Kafin hedfon ya shiga ka kunna, ka auna kowane rami da giraun, rami ɗaya ne kaɗai zai nuna maka 395 ɗin nan, sauran huɗu kusa da sifili, ka gwada da fulogin a hannunka ka tabbatar ramin ya yi daidai da ƙafar bayas. Sannan ka saka sautin gwaji a hagu kaɗai ka ga ramukan hagu ne suka motsa.

In duk wannan ya wuce, boliyum a ƙasa, soka fulogin, kada ka ɗora a kai tukuna, riƙe shi a hannu ka saurara ko akwai ƙara ko tsit tsit. Tsohon hedfon da ya daɗe a ajiye yana iya ɗaukar mintuna kafin tantaninsa ya cika da caji, zaka ji kunne ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi da farko sannan su daidaita, in bayan awa ɗaya basu daidaita ba ka koma ka auna bakunan fita da sautin gwaji, in sun zo ɗaya toh matsalar a hedfon ɗin take. In zaka cire shi ka kashe tukuna, in ka gama ka rufe shi daga ƙura, kuma bayan sati ɗaya ana amfani da amfilifayar ka sake buɗewa ka duba balas da ofset, sababbin kwalabe musamman suna zamewa a kwanakin farko.